Shayi, Goro, Lemon Kwalba da Kayan Ƙwalama: Yadda Za Ka Daidaita Su Mataki-Mataki

Duk wanda ya taɓa zama a bencin mai shayi bayan sallar asuba ya san yadda ake haɗin kauri. Mai shayi zai zuba madara, ya ƙara garin koko irin su Milo, ya kamfato sukari da babban cokali sau uku ko huɗu, sannan ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shayin daga wannan zuwa wancan har ya yi kumfa. Wanda ya sha wannan da safe, ya sayi lemon roba mai sanyi da rana saboda zafi, ya ɓantari goro bayan la'asar, ya kuma zauna a majalisa da dare ana zagayen shayi, ba zai ce ya ci wani abin kirki ba a ranar. Amma idan aka tara abin da ya shiga cikinsa na sukari da na kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, za a ga ya wuce ƙima nesa ba kusa ba. Ni ban ga dalilin da zai sa a ce wa mutum ya bar shayi ko goro gaba ɗaya ba, domin abubuwa ne da suka shiga jikin zumuncinmu da karɓar baƙinmu. Abin da ake bukata shi ne mutum ya san yawan abin da yake sha, ya san lokacin da ya dace ya sha, sannan ya rage a hankali ta yadda gyaran zai ɗore.

Mataki na farko: ka ƙidaya kafin ka rage komai

Ka ɗauki kwana uku, kada ka canza komai a cikinsu, ka dai riƙa rubuta duk abin da ka sha ko ka tauna wanda ba abincin gida ba ne, tare da lokacinsa. Ka rubuta a takarda ko a waya, kuma ka haɗa da abin da aka ba ka a gidan suna ko a ofis, domin irin waɗannan ne mutum ya fi mantawa da su. Ana cewa ido ba mudu ba ya san ƙima, to amma a nan ido yana yaudara, saboda abin da aka narkar a ruwa ba a ganinsa.

Bayan kwana ukun sai ka lissafa kafeyin. Kofin shayin baƙin ganye irin na Lipton yana ɗauke da kimanin miligiram 40 zuwa 50, kuma yakan ƙaru idan ganyen ya daɗe a ruwa. Kofin gahawar gari irin Nescafé yana kai miligiram 60 zuwa 80, gwargwadon cikar cokalin. Gwangwanin Coca-Cola na mililita 330 yana da wajen miligiram 33. Ƙaramin gwangwanin Red Bull na mililita 250 yana da miligiram 80, kuma yawancin lemukan ƙara kuzari suna kusa da wannan ma'auni, wato robar rabin lita tana iya kai miligiram 160. Goro, wanda kakanninmu suka yi ta fatauci a kansa daga Gwanja zuwa Kano, yana da kafeyin kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na busasshen nauyinsa, don haka babban goro guda yana iya kai kofin gahawa ko ya haura. Akwai kuma inda mutane ba sa zato: wasu magungunan ciwon kai suna ɗauke da kafeyin, misali ƙwayar Panadol Extra guda tana da miligiram 65.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2015 cewa babban mutum mai lafiya zai iya shan kafeyin har miligiram 400 a yini ba tare da fargaba ba, amma kada ya wuce miligiram 200 a lokaci guda. Mace mai ciki ko mai shayarwa kuwa iyakarta miligiram 200 ne a yini gaba ɗaya. Wannan iyaka ce ta sama, ba a ce sai mutum ya kai ta ba, kuma akwai waɗanda kofi biyu kawai ke sa zuciyarsu bugawa da hannunsu rawa. Irin waɗannan jikinsu ya riga ya faɗa musu tasu iyakar.

Mataki na biyu: ka fara da sukarin da kake sha

Na sa wannan a gaba da rage kafeyin da gangan, domin a ganina sukarin da ke cikin abin sha ya fi yi wa yawancinmu illa fiye da kafeyin ɗin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini. Ga babban mutum wannan ya kama kimanin giram 50, wato ƙaramin cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce idan aka sauko zuwa giram 25, cokali 6 ke nan, ya fi alheri.

Yanzu ka ɗauki robar lemo ta rabin lita ka juya bayanta. Yawancin lemukan kwalba suna da sukari giram 10 zuwa 11 a kowane mililita 100. Ka ninka sau biyar, za ka samu giram 50 da ɗoriya, ka raba da 4 domin ƙaramin cokali giram 4 yake ɗauka, sai ka ga cokali 13. Ina ba ka shawara ka gwada wannan a gida sau ɗaya: ka ɗauko faranti, ka auna cokali 13 na sukari ka tara su wuri guda, ka kira yaranka su gani. Babu wanda zai iya cinye wannan tulin da cokali ba tare da zuciyarsa ta tashi ba, amma a narke cikin ruwan sanyi mai gas mutum yana shanye shi a tsaye cikin minti biyar, ya kuma ci tuwonsa daidai yadda ya saba, saboda abin sha ba ya ƙosarwa yadda abinci ke yi. Daga nan ƙiba take samun hanya, haɗarin ciwon suga ya ƙaru, haƙora kuma su fara ruɓewa, musamman ga wanda ke kurɓa kaɗan-kaɗan tsawon yini.

Akwai ruɗu guda uku da ya kamata a kawar. Na farko, lemon malt da ake kai wa maras lafiya da mai jego da sunan yana ƙara jini, sukarinsa bai gaza na sauran lemuka ba, kuma ba maganin ƙarancin jini ba ne. Na biyu, lemon kwali mai hoton 'ya'yan itatuwa, ko da an rubuta cewa tsantsar ruwan 'ya'yan itace ne, sukarinsa yana cikin lissafin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rage. Lemon zaƙi guda da ka ɓare ka ci da tsokarsa ya fi shi amfani, ya kuma fi shi araha. Na uku, zuma da mazarƙwaila, duk da darajarsu, su ma suna cikin wannan lissafin, don haka wanda ya cire cokali uku na sukari ya zuba cokali uku na zuma bai rage komai ba. Su kuma lemukan da aka zaƙa da sinadari maimakon sukari suna iya taimaka wa wanda ya saba da lemo ya sauka a hankali, amma hukumar ta ce a 2023 kada a dogara da su wajen rage ƙiba.

Hanyar ragewa ita ce a bi harshe a hankali. Idan cokali huɗu kake sa wa shayi, ka mayar da shi uku har tsawon mako guda, sannan biyu a mako na gaba, sannan ɗaya. Harshe yana sabawa, kuma bayan wata guda idan aka ba ka irin haɗin da kake sha a da, kai da kanka za ka ce ya yi zaƙi da yawa. A wurin mai shayi ka faɗa masa adadin da kake so tun kafin ya ɗauki cokali, kuma ka lura cokalinsa sau da yawa ya ninka ƙaramin cokalin gida. Ka tuna garin koko da madarar gwangwani mai kauri sun riga sun zo da nasu zaƙin. Citta, kanumfari, na'a-na'a ko ɗan lemon tsami suna ba shayi ɗanɗanon da zai sa ba ka nemi sukari mai yawa ba, kuma ruwan bunu mai kayan ƙamshi ba abin rainawa ba ne. Game da lemon kwalba, wanda ke sha kullum ya koma sau uku a mako, ya kuma zaɓi ƙaramar kwalba maimakon babbar roba, daga nan ya mayar da shi abin ranar biki. Gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace litar lemo mai sukari a dokar kuɗi ta 2021, amma kuɗin ya yi kaɗan da zai hana kowa saya, saboda haka aikin ya rage ga mai sha.

Mataki na uku: ka sa wa kafeyin lokacin tashi

Kafeyin ba ya ƙara wa jiki ƙarfi. Akwai wani sinadari mai suna adenosin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga lokacin da mutum ya farka, shi ne ke sanar da jiki cewa an gaji, a kwanta. Kafeyin yana zuwa ya tare wuraren da wannan sinadari ke sauka, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali tana nan tana jira. Yakan kai ƙololuwar aikinsa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya bayan an sha, kuma jiki yana ɗaukar kimanin awa biyar kafin ya kawar da rabinsa. Ka yi lissafi da wanda ya sha robar lemon ƙara kuzari mai miligiram 160 da ƙarfe huɗu na yamma. Da ƙarfe tara na dare akwai sauran miligiram 80 a jininsa, kamar ya sha kofin gahawa zai kwanta, da ƙarfe biyun dare kuma akwai sauran 40. Ko da barci ya ɗauke shi, ba zai yi nauyi ba, sai ya tashi da asuba a gajiye, ya nemi shayi mai ƙarfi, haka abin zai yi ta zagayawa.

Saboda haka ka tsayar wa kanka doka cewa daga azahar, ko a ƙalla daga la'asar, babu gahawa, babu lemon ƙara kuzari, babu goro. Mafi wuya a nan shi ne shayin majalisa, irin wanda ake dafawa a ƙaramar buta kan gawayi a fadojin Yamai da Damagaram da Agadas, wanda ya bazu har unguwannin Kano da Katsina. Koren ganye ne da ake tafasawa ya daɗe, a cika shi da sukari, a sha zagaye uku. Zagayen farko ne ya fi ɗaci ya kuma fi ɗaukar kafeyin. Ba na ce ka ƙaurace wa abokanka ba, ka zauna a yi hira da kai, ka bar na farko ya wuce, ka karɓi ƙaramin kofi guda a na ƙarshe.

Direban dogon zango da mai gadi da ɗalibin da ke kwana karatu gab da jarrabawa su ne aka fi sayar wa lemon ƙara kuzari, kuma su ne suka fi bukatar jin wannan: kafeyin ba ya biyan bashin barci. Direban da idonsa ya fara lumshewa a hanya, abin da zai cece shi da fasinjojinsa shi ne ya tsaya a wuri mai aminci ya runtsa ko na minti ashirin. Haɗa lemon ƙara kuzari da gahawa, ko da ƙwayoyi, ganganci ne da ke iya rikita bugun zuciya.

Idan lissafinka na kwana uku ya nuna ka wuce iyaka, kada ka yanke lokaci ɗaya. Wanda ya saba ya daina kwatsam, ciwon kai da kasala da saurin fushi sukan taso masa bayan awa 12 zuwa 24, su tsananta a kwana na biyu, kuma suna iya kai mako guda. Ka rage kashi ɗaya cikin huɗu duk bayan kwana uku ko huɗu, ka fara da cire na yamma, ka bar na safe a ƙarshe.

Wani abu da mata suka fi bukatar sani shi ne shayi da gahawa suna rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe daga abinci irin wake da ganye da hatsi. Mai ciki ko wadda jininta ya yi ƙasa ta bar tazarar awa guda ko fiye tsakanin cin abinci ko shan maganin ƙarin jini da shan shayi. A watannin ƙarshe na ciki kuma kafeyin yana daɗewa a jiki fiye da ninki biyu na yadda ya saba.

Mataki na huɗu: ka tanadi abin da zai maye gurbi

Wanda ya cire lemo bai ajiye komai a madadinsa ba, ranar da zafi ya tsananta zai koma. Ruwa shi ne na farko, kuma sau da yawa abin da mutum ke ɗauka sha'awar lemo ce ƙishirwa ce kawai. Ka riƙa yawo da gorar ruwa, a gida kuma ruwan randa mai tsabta ya wadatar inda babu wutar lantarki. Idan fitsarinka ya yi duhu, alama ce ruwa ya yi maka kaɗan.

Bayan ruwa muna da arzikin da ba mu cika daraja shi ba: zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya, kunun gyaɗa, ruwan tsamiya, ruwan garin ƙwallon kuka, fura da nono. Babu kafeyin a cikinsu, amma kasancewarsu na gargajiya bai wanke su daga sukari ba. Zoɓon da ake ƙullawa a leda ko a zuba a roba a kasuwa yana iya kai lemon kwalba zaƙi, wani ma ana sa masa sinadarin zaƙi da kala, kuma ba ka san ruwan da aka yi shi da shi ba. Na gida ya fi, inda za ka dafa zoɓo da citta da kanumfari da ɓawon abarba da aka wanke, ka sa sukari kaɗan da hannunka. Kunun aya da aka niƙa da 'yan dabino ba ya bukatar ƙarin sukari, sai dai yana saurin lalacewa, don haka a sha shi a ranar ko a ajiye shi cikin sanyi. Nono kuma a tabbata an dafa madarar kafin a kwantar da ita, domin ɗanyar madara tana iya ɗauko cuta daga dabba zuwa mutum. Mai shan maganin hawan jini da mai ciki su tambayi likita kafin su mayar da zoɓo abin shan kullum, saboda yana ɗan saukar da hawan jini.

Mataki na biyar: kayan ƙwalama

A nan ka yi wa kanka tambaya biyu kafin ka miƙa kuɗi: shin yunwa nake ji ko bakina ne ke son motsi, kuma wannan abin zai riƙe ni har lokacin abinci? Cincin, fanke, biskit, alawa, gullisuwa da tuwon madara fulawa ne ko sukari ko mai, suna tashi da mutum nan take su sake shi bayan awa guda da yunwar da ta fi ta farko. Gyaɗa, gurjiya, aya, ƙuli-ƙuli, dafaffen ƙwai, gasasshiyar masara, kwaɗon zogale da awara suna zama a ciki, saboda suna da sinadarin gina jiki ko dusa da ke jinkirta narkewa. Yalo, karas, gwaba, gwanda, kankana, goruba da magarya suna nan a kan tire a kowace tasha gwargwadon lokacinsu, a wanke su kafin a ci, kuma gara ka sayi wanda ba a yanka ba.

Ko abu mai kyau yana da ma'auni. Cikin tafin hannu guda na gyaɗa ya isa, domin mai ne da ita sosai, kuma duk ƙwayar da ta yi ɗaci ko ta canza launi ko ta yi fumfuna a tofar da ita, saboda gubar da ke fitowa a gyaɗar da aka adana da danshi tana lalata hanta. Dabino uku sun wadatar a zama ɗaya, mai ciwon suga kuma ya bi abin da likitansa ya tsara masa. Awara da ƙosai suna da amfani, matsalarsu man suya ne: idan ka leƙa kaskon ka ga man ya yi baƙi yana hayaƙi, an daɗe ana maimaita shi, ka wuce gaba. Kilishi da tsire da taliyar leda da aka zuba mata duk garin ɗanɗanonta suna da gishiri mai yawa, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali guda. Mai hawan jini ya yi hattara da su, wanda zai dafa taliyar kuma ya sa rabin garin ya ƙara albasa da ganye da ƙwai.

Abin da ke cikin gida shi ake ci, saboda haka gyaran yana farawa ne daga cefane. Uwar gida da ta ajiye soyayyar gyaɗa da ayaba inda hannun yara zai kai, ta kuma daina sayen katan ɗin lemo sai ranar da za a yi baƙi, ta gama rabin aikin. Yaron da bai kai shekara biyu ba kada a sa masa sukari a abinci ko a ɗanɗana masa lemo, wanda bai kai shekara ɗaya ba kada a ba shi zuma, jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata shida. Lemon ƙara kuzari bai dace da yara da matasa 'yan makaranta ba ko kaɗan, kuma ina roƙon iyaye su riƙa tambayar abin da ake saya da kuɗin tara.

Wanda ke da hawan jini, ciwon zuciya, gyambon ciki, ƙwannafi ko yawan fargaba ya kai wa likita takardar lissafinsa ta kwana uku, domin iyakarsa ba ta sauran mutane ba ce, kuma wasu magunguna, irin su ciprofloxacin, suna sa kafeyin ya daɗe a jiki. Bugun zuciya da ba ya lafawa, ciwon ƙirji ko jiri bayan shan lemon ƙara kuzari abin zuwa asibiti ne nan take. Haka wanda ke fama da ƙishirwa marar yankewa da yawan fitsari da rama ya je a gwada sukarin jininsa, kada ya yi ta kashe ƙishirwar da lemo.

Idan azumi ya gabato

Ciwon kan da ke damun mutane da yawa a kwanakin farko na Ramadan, sau da yawa rashin shayi da goron da aka saba ne ke kawo shi tare da ƙarancin ruwa. Maganinsa a fara ragewa tun tsakiyar Sha'aban, ta yadda watan zai kama jiki ya riga ya saba da kofi guda. A buɗe baki da dabino da ruwa, a bi da kunu marar zaƙi sosai, a jinkirta lemo, domin sukari mai yawa a cikin da ya wuni babu komai yana kawo kasala daidai lokacin da ake shirin tarawihi. Wanda ba zai iya haƙura da shayi ba ya sha kofi guda marar ƙarfi bayan magariba, kada ya bari sai dare ya raba, tun da barcin watan gajere ne. A sahur kuwa a rage shayi mai kauri, a sha ruwa sosai, a ci abin da ke riƙe ciki kamar fura da nono, wake, ƙwai ko tuwon da ya kwana da miyar ganye.